"Yaƙi ɗan zamba ne": har da jirgi mara matuƙi?

Ɗan Agege: Jama'a, jiya a majalisarmu wani ya kare harin jirgi mara matuƙi da cewa ai "yaƙi ɗan zamba ne". Wai karin maganar nan ta kai can?

Malam na Idi-Araba: Ba ta kai ba, ɗana. Zambar da magabata ke nufi ita ce kwanton ɓauna, ko ka yi kamar ka gudu don abokin gaba ya biyo ka cikin tarko. Yana riƙe da takobinsa, kai ma ka sayar da ranka. Hadisi ya ce yaƙi yaudara ne, amma addinin ya hana kashe mata da yara, ya hana cin amana.

Mai Tumatir, Mile 12: Allah gafarta Malam, ai zancen takobi ya ƙare tun 1903. A Sakkwato mahaya sun fito da sulke da lifidi, bindigar Turawan Ingila mai suna Maxim ta yi ta feshin harsashi, ko kusa ba su iso ba. A Omdurman ta Sudan, 1898, mutanen Mahadi wajen 10,000 suka kwanta dama, na ɓangaren Ingila ba su kai 50 ba. Wannan fin ƙarfi ne, ina zamba a ciki? Har "sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi" ma Maxim ta ba shi kunya.

Malam na Idi-Araba: Su ma Turawan sun ji a jikinsu. Iskar guba da aka saki a Beljiyam a 1915 ta sa a 1925 suka yi yarjejeniya a birnin Janiba suka haramta amfani da ita a yaƙi. Kenan mai yaƙi ma ya san akwai iyaka.

Hajiya, Obalende: Ni ku bar tarihi. A Disambar 2023, a Tudun Biri ta Kaduna, mutane suna zaune wajen Mauludi jirgi mara matuƙi ya sako bam daga sama, sama da 80 suka rasu, sojoji suka ce kuskure ne. Mai sarrafa jirgin allo yake kallo, ba ya jin muryar masu salati. Wa aka zambata a nan, ɗan bindiga ko ɗan Mauludi?

Ɗan Agege: Amma Hajiya, jirgin yana tsare ran sojanmu, shi ma ɗan wani ne.

Hajiya, Obalende: Na yarda, ƙanena. Sai dai a nemo wa abin wata magana, wannan ba tasa ba ce.