Shawarwarin masu harkar kwamfuta a Damagaram

A tattaunawar da masu gyaran kwamfuta da wasu ɗalibai suka yi a unguwar Zango, batun kalmar sirri ne ya fi cin lokaci. Bakinsu ya zo ɗaya cewa tsawonta ya fi sarƙaƙiyarta muhimmanci, don haka suka ce a haɗa kalmomi huɗu ko biyar marasa alaƙa da juna, a guji ranar haihuwa da lambar waya, kada kuma a maimaita kalma ɗaya a Facebook da Gmail, domin idan ɗaya ta fallasa ɗayar ma ta tafi. Shawarar da na fi ba nauyi ita ce kunna tantancewa mai matakai biyu, wato ƙarin lambar sirri da ake nema kafin a shiga asusu, musamman a WhatsApp, da ƙin ba kowa lambar da ake turowa ta saƙo.

Game da wasanni irin su Free Fire, sun gargaɗi matasa kan masu alkawarin lu'ulu'u (kuɗin cikin wasan) kyauta, waɗanda burinsu sace asusu ne.

Allon rubutu na kwamfuta kuwa, namu na Nijar galibi AZERTY ne, na Kano QWERTY, wato jerin haruffansu ya bambanta, saboda haka kalmar sirri daidai takan ƙi shiga idan tsarin ya sauya. Sun kuma ce a riƙa rufe allon saboda ƙurar hunturu.