Ciwon ya lafa amma tashi daga tabarma ya gagara: yaya kuka yi ƙarfi ya dawo?

Malamar lekol, Birni

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina da ciwon gaɓɓai irin wanda garkuwar jiki ke juyowa ta far wa gaɓɓan mutum da kanta, lokotoro ya ce sunansa poliyartirit rumatoyid. Tun bayan damina nake shan metotreksat sau ɗaya a sati, da Cortancyl, ƙwayar sauke kumburi, kowace safiya. Alhamdu lillahi kumburin yatsu da na gwiwa ya sauka, ina samun barci. Ƙarfi ne babu. In na zauna a tabarma sai an kama ni nake tashi, shiga salga kuwa har fargabarsa nake yi. Daga gidanmu zuwa ƙofar fada ba wani nisa, amma in na taka sai in wuni kwance. A gida an rabu biyu: Inna, uwar mijina, ta ce in kwanta in huta har Allah Ya kawo sauƙi, ƙanena ya ce kwanciyar ce ke ƙarasa ni. Don Allah waɗanda suka bi ta nan, yaya kuka yi?

Tela, Zengo

Wa alaikumus salam Malama, Allah Ya ƙara afuwa. Ciwonmu ɗaya. Ni da hannu nake ci, ranar da almakashi ya gagare ni tukunyar gidana ce ta tsaya. Abin da lokotoro ya gaya min, kuma na gani a jikina, shi ne magani yana sauke kumburi amma ba ya mayar da naman da ya zube. Watannin da mutum ya yi kwance yana lallaɓa gwiwa, cinya ramewa take yi. Ki duba taki ki tuna yadda take a da. Naman nan sai an sa shi aiki yake dawowa.

Safiya ce mai wuya, balle da hunturu. Yatsu sukan kwana a sandare, wani lokaci har sama da awa ɗaya kafin su saki. Kafin asuba maiɗakina takan ɗumama ruwa ta zuba a roba, ɗumi mai daɗi ba mai ƙuna ba, in tsoma hannuwa har wuyan hannu, ina dunƙulewa ina buɗewa, ina taɓa kan kowane yatsa da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya. Da ruwan nake alwala. Hannun almakashi na naɗe shi da ƙyalle ya yi kauri, haka cokali, haka makullin shago, domin abu mai kauri ya fi sauƙin riƙo. Na koma aiki da gyaran tsofaffin kaya, babbar riga sai can daga baya. Har yau ba na karɓar ɗinkin sallah da yawa, zaman dare yana tayar min da ciwon.

Maganar tashi kuwa, kada ki fara daga tabarma, ta yi ƙasa da yawa. Kine, wato ma'aikacin asibiti mai koyar da motsa gaɓɓai, ya sa na fara da kujera mai tsayi wadda aka jingina da bango: in matso bakin kujera, in ja ƙafafu baya kaɗan, in sunkuyo gaba in miƙe, sannan in koma in zauna a hankali ba in faɗa ba. Komawar a hankali ita ce aikin. Da farko da hannu nake dafawa, daga baya na daina. Da wannan ta yi sauƙi na koma benci, daga benci zuwa ƴar kujerar tsakar gida, tabarma ce ta ƙarshe.

Uwar ƴan biyu, Garin Malam

Yaya Malama, sannu da jiki. Ni lupus nake da shi, shi ma ciwo ne da garkuwar jiki ke far wa mai ita, Plaquenil nake sha da Cortancyl ɗin nan naki. Ki gaya wa lokotoronki maganar cinya, kada ki bar ta a ciki. Ni ma na kai in ɗaga hannu in ɗaura ɗankwali ya zama aiki, taka dokin ƙofa sai na dafa. Da na faɗa wa nawa lokotoron ya ce Cortancyl in an daɗe ana sha, musamman mai yawa, yana raunana naman cinya da na kafaɗa, shi ne kuma ya kumbura min fuska har ƴan biki suna cewa na yi ƙiba na ji daɗi. Ya riƙa rage min kaɗan-kaɗan yana duba analiz, wato gwajin jini. Ya ja min kunne sosai kada in kuskura in yanke shi rana ɗaya, domin jiki yakan rage yin nasa sinadarin in ya saba samu daga ƙwaya, yankewa kwatsam tana iya kayar da mutum.

Ni rana ce abokiyar gabata. In ta doke ni ƙuraje su fito a kumatu, gaɓɓai su ɗauka, ga ranar Damagaram a watan Afrilu da Mayu kun san ta. Don haka tafiyata bayan sallar asuba ce, kafin gari ya yi haske sosai. A tsakar gida na fara, daga ƙofar ɗaki zuwa zaure, hannuna a bango. Da na ji ƙafa ta tsaya sai na fita lungu, maƙwabciyata tana raka ni. Yanzu ina zuwa kasuwar Dole da ƙafata, da laima da hijabi mai kauri, amma ba ranar Alhamis ba, turereniyar ranar kasuwa ta fi ƙarfina.

Ruwa kuma. Bido mai lita 25 kilo 25 ne, hannun mai ciwon gaɓɓai ba na wannan ba ne. In fanfo ya ɗauke muka sayi na ga-ruwa, yara ke juye min a ƙananan bokitai, in rungumo da hannu biyu a jikina maimakon in rataya a yatsu. Kuma na raba aikin gida: ranar wanki ba shara, ranar da za ni suna ko gaisuwa ba na ɗora tukunya. Gajiyar ciwon nan ba irin wadda barci ke wankewa ba ce. Wanda bai taɓa jin ta ba zai ce son jiki ne, kada wannan ya dame ki.

Malamar lekol, Birni

Na gode Baba tela, na gode ƴar'uwa. Wallahi ban taɓa kawo Cortancyl a raina ba, zan tambaya ranar randebu. To ranar da gwiwa ta wayi gari da zafi da kumburi fa? In yi kujerar ko in bari?

Majon asibiti mai ritaya, Sabon Gari

Ƴata, ni ba ni da ciwon, matata ce ke da irin naki, ni nake jinyarta shekaru. Inna da ƙanenki kowa ya riƙe rabin gaskiya. Ranar da gaɓa ta yi zafi ta kumbura, ba a ɗora mata nauyi. Hajiya takan kwanta ta miƙe ƙafa, ta lanƙwasa gwiwa a hankali iyakar inda ba ta jin zafi, ta mayar, don kada gaɓar ta ƙage. Tana kuma danna bayan gwiwa a katifa har cinya ta ɗaure, ta ƙirga zuwa 5 ta saki. Wannan ba ya motsa gaɓa amma yana riƙe nama. Abu ɗaya da na hana ta: cusa matashi ƙarƙashin gwiwa ta kwana a haka. Daɗi ne da shi, amma in aka saba gwiwa takan ƙi miƙewa. In kumburi ya sauka sai a koma kujera, a fara ƙasa da inda aka tsaya.

Ma'aunin da masu aikin kine ke bayarwa mai sauƙi ne: in zafin da motsa jiki ya tayar ya wuce awa 2 bai kwanta ba, an yi da yawa, gobe a rage, ba a daina ba.

Tunda metotreksat kike sha bari in ƙara wannan, don na ga abin da ya jawo wa mutane lokacin ina aiki. Sau ɗaya ne a sati, a rana ɗaya tsayayya. Wanda ya sha shi kullum kamar farasetamol zai iya rasa ransa. Hajiya ta zaɓi ranarta, mun rubuta a jikin kwalin. Asid folik da aka haɗa miki kada ki raina shi, shi ke rage tashin zuciya da gyambon baki. Kada a ba ki Bactrim kina kansa, haɗuwarsu tana karya jini, ga shi ana sayar da shi ko'ina don zawo da tari. Analiz na jini da na hanta a kan lokaci, ko da kina jin garau. Mace mai neman haihuwa ta faɗa wa lokotoro tun kafin ciki, domin maganin yana cutar da ɗan tayi. Zazzaɓi kuma ba a zama da shi a gida a ce masassarar damina ce kawai, magungunan nan suna rage garkuwa, a je a gwada.

Abinci ba sai mai tsada ba. Nama ba ya ginuwa da kunu zalla: wake, ƙwai, ƙuli-ƙuli, nonon da aka tafasa madararsa, zogale a dambu. Mai shan Cortancyl ya rage gishiri da magi da sukari, a riƙa auna masa tansiyo da sukarin jini.

Ɗalibi, Jami'ar André Salifou

Gaisuwa ga iyayena da yayyena. Ina so in sa baki don kada wani mai irin nawa ya ɗauki shawarar nan duka. Ni miyasteni gare ni. Ba gaɓa yake kamawa ba, garkuwar jiki ce ke tare saƙon da jijiya ke kai wa nama. Da safe lafiya lau, zuwa la'asar fatar ido ta sauko, in ga abu biyu-biyu, tauna tuwo ma ta gajiyar da ni. Mu in muka matsa wa nama ƙara mutuwa yake yi, sai an huta yake dawowa. Don haka ɗan motsin da nake yi da safe ne, bayan maganina Mestinon ya kama jiki, kuma ina tsayawa tun kafin in gaji. Zafi yana ƙara min rauni, da bazara nakan jiƙa tawul in ɗora a wuya in zauna inuwa. Na daina tuƙa moto da yamma saboda idon. Duk inda za a rubuta min magani sai na faɗi ciwona, domin kinin da wasu antibiyotik irin su sifiro da jentamisin suna iya tsananta shi. In numfashi ko haɗiya ya fara wuya, asibiti ne nan take, ba jira sai gobe.

Ƴar autar Gwaggo, Mirya

Ni mahaifiyata nake jinya, Gwaggo muke ce mata. Kafin a gano ciwonta ta daɗe tana shan ƙwayoyin masu yawo da tire a ka, waɗanda ake ƙulla wa mutum a leda a ce na sanyin ƙashi ne. Tana sha ta miƙe ta yi daka, kowa ya ce an dace. Ashe da deksametazon a ciki, ɗan'uwan Cortancyl, da diklofenak mai kashe zafi. Fuska ta cika, ƙafafu suka sirance, ciki ya riƙa ƙuna, yatsu kuma suna ci gaba da karkacewa a ƙarƙashi. An yi mata sakiya a gwiwa, tabon yana nan, ciwon bai gusa ba. Yatsun da suka riga suka karkace ba su dawo ba, shi ya sa in na ji mai sabon ciwo yana cewa bari ya gwada na tire tukuna, raina yake ɓaci.

Malama, ki lallashi Inna, kada ki yi gardama da ita, tausayi ne ke sa ta ce ki kwanta. Mu abin da ya yi mana aiki shi ne tafiya da kakata wurin kine ta ji da kunnenta. Yanzu ita ke tsaye kan Gwaggo tana ƙirga mata.

Abin da ya fi cin ran Gwaggo sallah ce. Ta yi kuka ranar da sujada ta gagare ta. Liman unguwarmu ya karanta mata hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce masa ya yi sallah a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Hankalinta ya kwanta. Ta daɗe tana yi a kujera. Yanzu tana kabbara da karatu a tsaye, ta yi ruku'u, sujada ce kawai take zama ta yi da nuni.

Tela, Zengo

Allah Ya saka wa liman da alheri. Ni ma a kujera nake yi a ƙarshen sahu, ban ga wanda ya taɓa yi min kallon banza ba. Ƴata, salgar fa da Malama ta ambata, yaya kuka yi da Gwaggo?

Ƴar autar Gwaggo, Mirya

Baba, kafinta muka kira. Ya yi kujerar katako mai ƙarfi da rami a tsakiya da madafa hagu da dama, tsayinta ya kai gwiwar Gwaggo in tana tsaye, ya buɗa ƙafafun don kada ta yi rawa a kan dabe. Ana ɗora ta bisa bakin salga, in an gama a wanke a jingine a rana. Mai walda kuma ya kafa mana guntun bututun ƙarfe a bango daidai inda hannunta ke kaiwa, an kama shi da siminti, don ƙusa ba ta riƙe bangon ƙasa. Buta mun sauya mata da ƙarama mai faɗin hannu, rabi ake cika ta. Malama, in za ki sa a yi miki, ki ce kafinta ya zo gida ya auna ki, kuma ya fi kyau kujerar ta ɗan yi tsayi, in cinya ta yi ƙarfi sai a rage ƙafafun da zarto.