VFR750 ɗina yana cinye batiri, me zan duba kafin tafiyar Tahoua?

Mai tambaya: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina da moto Honda VFR750 ƙirar 1996 a nan Yamai. Batiri biyu ya kashe cikin wata huɗu. Da safe yana tashi lafiya lau, amma in na zaga gari da rana na kashe shi, sai ya ƙi tashi. Akwai kuma wani fito da injin ke yi, wani ya ce sai an buɗe shi. Tahoua nake son zuwa da shi bayan sallah.

Mai gyaran wutar moto: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka sake sayen batiri tukuna. VFR na waɗannan shekarun an san su da ciwon regilata, wato na'urar da ke daidaita wutar cajin batiri. Samo mitar auna wuta ka sa ta a kan batiri. Inji a kashe, lafiyayyen batiri zai nuna wajen volt 12.6. Ka tada shi, ka kunna fitila, ka kai allurar juyin inji 5,000: ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.5. In bai kai 13 ba, ba ya caji. In ya haura 15, dafa batirin yake yi. Ka auna sau biyu, da sanyi da kuma bayan fanka ta kama, domin regilata mai mutuwa sai ta ji zafi take nuna halinta.

Daga nan ka bi wayoyi uku ruwan ɗorawa da suka fito daga kwayil ɗin caji, ka cire soket ɗinsu. Auna su biyu-biyu, mita a kan om, ma'aunin turjiyar waya: ƙasa da om 1, duka ukun daidai da juna. Kowace waya da jikin moto kada su haɗu ko kaɗan. Juya mita zuwa AC ka tada inji, a 5,000 kowane biyu su ba ka sama da volt 50.

Mai sayar da kayan gyara: Dalilin mutuwarta shi ne regilata ta asali rarar wuta take mayarwa zafi, ga ta a ɓoye bayan roba, ga ranar Afrilu da ke wuce digiri 40. Kada ka sa ta ƙaramin moto daga kasuwar Katako don ta yi araha, ba za ta ɗauki nauyin ba. Nemi irin da ake kira MOSFET, wadda ba ta ɗaukar zafi sosai, kamar Shindengen FH020AA. Soket ɗinta daban ne, sai an yi mata waya: jan da baƙin su tafi kai tsaye kan batiri da waya mai kauri, da fis na amfiya 30 a kan jan. Jabu sun yi yawa, a kula.

Bakanike: Fiton nan, don Allah maigida kada ka bari kowa ya taɓa shi. Injin V4 ne da haƙoran giya ke juya kam ɗinsa, wato sandar da ke buɗe bawul, ba sarƙa ba. Kukan lafiyarsa ke nan, kuma shi ne abin da masu son VFR ke nema, tunda daga ƙirar 2002 Honda ta koma sarƙa. Don hanya: canza filtar iska, ƙurar hunturu ta riga ta cika ta. Radiyata a zuba mata ruwanta, ban da na famfo. Tanki lita 21 ne, ka cika a gidan mai a Dosso, Dogondutsi da Konni. Esans ɗin ƴan ruwa-ruwa yakan zo da datti, kuma kaburata huɗu ba su da daɗin wankewa a bakin hanya.

Mai tambaya: Na auna. Da sanyi 14.1, da zafi 12.4, soket ɗin kuma ya yi baƙi ya narke gefe guda.

Mai gyaran wutar moto: To ka yanke soket ɗin ka yar, ka haɗa wayoyin da dalma, kowace da rigarta. Ka sake auna kwayil yana da zafi. In ya ci gwajin kuma caji bai dawo ba, regilata kaɗai za ka saya.