Lissafin awa ko farashi guda: shawarwarin masu zanen leda da kwali a Maraɗi

Da masu zana leda da kwalin kaya suka tattauna batun farashi a Maraɗi, yawancinsu sun karkata ga barin lissafin awa. Hujjarsu mai ƙarfi ce: lissafin awa ƙwararre yake cuta. Wanda hannunsa ya faɗa zai gama takardar jikin kwalbar man gyaɗa kafin la'asar, sai ya tashi da kuɗi ƙasa da na ɗan koyo. Ita kuwa Hajiya mai ƙuli-ƙuli tambayarta ɗaya ce: "Ɗana, nawa ne duka?"

Inda aka fi daɗewa shi ne maganar gyara, kuma a ganina nan ne ribar take zubewa. Alhaji zai ce a ƙara ja, gobe a ƙara girman sunansa, jibi a sa Faransanci sama da Hausa. Shawarar ita ce a rubuta komai tun farko, ko da a WhatsApp ne: zane nawa, girma nawa, gyara sau biyu cikin farashi, na uku da kuɗinsa. Mai kaya shi zai kawo bayanin abin da ke ciki da ranar lalacewa a rubuce.

A karɓi rabin kuɗin kafin a fara zane. Kuɗin bugu a ware shi daban, musamman in a Kano za a buga, tunda canjin naira da sefa ba ya tsayawa wuri guda.

Wasu sun ce a ci gaba da ƙirga awanni a ɓoye don a san ko farashin ya biya wahala. Kan tsofaffin abokan ciniki ne ba a daidaita ba: wasu na ganin a fara farashi guda da sababbi tukuna.