Neman shawara: me zan sa a shafin farko na manhajar hannun jari?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aikin tsara fuskar wata manhaja da za a riƙa sayen hannun jari da ita a kasuwar hannun jari ta Najeriya (NGX), har da sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa. Waɗanda muke hari 'yan kasuwa ne da ƙananan ma'aikata, akasarinsu ba su taɓa sayen hannun jari ba. Maigidana a wurin aiki yana so da an buɗe a ga zanen hawa da saukar farashi ɗin nan mai kama da kyandirori, ja da kore, kuma idan mutum ya yi sayayya a watso masa furanni a allo. Ni dai raina bai kwanta ba. Me kuka gani?

Wani ɗan uwa daga Kaduna:
Wa alaikumus salam. Furannin nan ka cire su tun yanzu. Manhajar hannun jari ta Robinhood a Amurka ta yi irinsa, hukumomin jihar Masachusets suka kai ƙararta a ƙarshen 2020, suna cewa ta mai da zuba jari kamar wasa, a 2021 ta cire. Balle mu nan da mutane ke tsoron abin da ya yi kama da caca.

Wata 'yar uwa daga Kano:
Ƙanena, wanda ya buɗe manhajar nan tambaya ɗaya ce a ransa: kuɗina suna nan? To ka amsa masa kafin ya tambaya. A sama, da manyan lambobi: ka zuba ₦50,000, yau sun zama ₦53,200. Ƙasa kaɗan, ribar da kamfani ya raba masa, a ware ta daban, don mutane suna rikita ta da tashin farashi. Kaso cikin ɗari ya biyo baya da ƙananan rubutu. Mai shago a Kantin Kwari ba ya lissafi da kaso, da naira yake yi. Kyandirorin kuma ka tura su can ciki, mai so zai nemo su.

Kuma kar ka manta mutanen nan sun sha wuya. MMM ta tafi da kuɗin jama'a a 2016, kuma masu irin wannan damfara da abubuwa masu ƙyalli suke zuwa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Saboda haka sunan dillalin da SEC, hukumar kula da kasuwar hannun jari, ta yi wa rajista ya fito sarari, lambar mutum ta CSCS, inda ake ajiye hannun jarin masu saye, ita ma ta fito, da bayanin cewa hannun jarin da sunansa yake ajiye, ba da sunanku ba. Maɓallin cire kuɗi kada a ɓoye shi. In ya sayar, a gaya masa ranar da kuɗin za su shigo, tunda ba nan take ake biya ba.

Wani malami daga Zariya:
Ja da kore kaɗai ba su isa ba. Akwai maza da dama da ba sa bambance launukan nan biyu. Haɗa da kibiya da kalma: ya hau, ya sauka. A Sin ma ja ne alamar tashi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Yaya, batun halal fa? Ana yawan tambayarmu.

'Yar uwar daga Kano:
Akwai jerin NGX Lotus Islamic, na kamfanonin da aka tantance. Ka sa alama a jikin waɗanda ke ciki, ka faɗi wanda ya tantance. Kai dai kada ka zama mai fatawa. Sukuk kuwa tun 2017 DMO, ofishin kula da basussukan gwamnati, ke fitar da shi, ka nuna wa mutum cewa kuɗin haya ake biyansa, da titin da aka gina da kuɗin.

Wani mai rubuta manhaja daga Jos:
Oga, nasan a babbar kwamfuta kake zane. Ka ari ƙaramar itel ko Tecno ka fita tsakar rana ka duba, rubutu mai ruwan toka ɓacewa yake yi. Ka gwada salon rubutunka da ƙ, ɗ, ɓ da alamar ₦, wasu akwati suke nunawa. Salon rubutun Noto Sans yana da su. Sannan wurin cika BVN da NIN, idan sabis ya yanke a tsakiya, ya dawo daga inda ya tsaya. Nan ne yawancin mutane ke ajiye waya su tafi.