Taƙaitattun shawarwari kan asuwaki da kwalli

Mahalarta wata tattaunawa kan asuwaki da kwalli sun yi ittifaƙi cewa asuwaki ya girmi buroshi nesa ba kusa ba, domin mutanen Babila sun goge haƙora da tsinken itace dubban shekaru kafin a fara sayar da buroshin nailan a Amurka a 1938. Shawararsu ita ce a jiƙa bakin itacen arak (wanda Larabawa ke yin asuwaki da shi) ko darbejiya, a tauna har ya yi laushi, kuma a riƙa yanke kan da ya tsufa.

Kwalli kuwa, wanda Misirawan dā suka yi ado da shi, an fi jan kunne a kansa: dutsen da ake niƙawa yakan ƙunshi dalma, saboda haka kada a rangaɗa wa jarirai.