Furoksinmu ya bar mutum ya shiga ba login, saiti ne ko manhajar ce?

sadiq_jabi:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah masu aiki da Kubernetes, tsarin da ke tafiyar da manhajoji a cikin kwantena, ku taimaka. Ina wani ƙaramin kamfanin biyan kuɗi a nan Abuja, komai namu a kwantena yake, dashbod ɗin ma'aikata kuma mun sa oauth2-proxy, furoksin da ke tsaye kamar maigadi yana neman login, a gabansa sai ka shiga da imel ɗin ofis. To oga ya ɗauko mai gwajin tsaro, ya zo ya zauna kusa da ni ya buɗe burauza sabuwa fil ya rubuta /admin aka mayar da shi shafin login yadda ya kamata, sai ya ƙara ?x=/healthz a ƙarshe ya danna enta, wlh sai ga jerin kwastomomi da lambobin wayarsu a sikirin. Mu dai /healthz kaɗai muka buɗe a skip_auth_routes, jerin hanyoyin da ba a neman login a kansu, saboda na'urar da ke duba ko shafin yana raye. Ya aka yi haka ta faru? Kuma idan na yi afdet shi ke nan ko akwai sauran aiki? Hankalina ya tashi sosai, bayanan mutane ne.

malam_isa_garki:
Wa alaikumus salam Sadiq. Wannan sananniyar ɓaraka ce, lambarta a rajistar ɓarakar tsaro CVE-2025-54576, an toshe ta a oauth2-proxy 7.11.0. Kafin wannan sigar, idan zai gwada ƙa'idar skip_auth_routes ba hanyar kaɗai yake dubawa ba, har da abin da ya biyo bayan alamar tambaya yake haɗawa, don haka in ka rubuta /healthz babu ^ a farko to duk adireshin da kalmar ta fito a ciki ya wuce. Ka yi afdet yau, sannan ka mayar da ita ^/healthz$ ka kuma taƙaita ta ga GET, wato buƙatar karantawa kawai.

Amma ka fahimci tushen abin don gobe a wata manhajar zai fito. Furoksi yana karanta adireshi ta wata fuska, manhajar da ke bayansa tana karanta shi ta wata fuskar, a wannan saɓanin ɓarawo yake bi. Kamar maigadin get ne da ya ga an rubuta "mai kawo ruwa" a ƙasan takarda ya buɗe, na cikin gida kuma suka karanta saman takardar suka kai baƙon har ɗakin maigida. Envoy, shi ma wani furoksi ne, ya sha wannan a 2019 lokacin da ba ya daidaita hanya mai /../ kafin ya yanke hukunci. Istio, mai kula da zirga-zirga tsakanin sabis, a farkon 2020, CVE-2020-8595, mutum ya ƙara ? ko # a ƙarshen hanya sai ya tsallake binciken JWT, wato tokin ɗin shaidar shiga. A 2021 kuma aka dawo da %2F da // a kan dokokin izini na Istio ɗin dai. Manhajoji daban daban, ciwo ɗaya.

hauwa_gwarinpa:
Malam ya gama magana kan afdet, ni abin da ya fi tsaya min a rai shi ne dashbod ɗin naku bai tambayi komai ba da buƙatar ta iso gare shi. Ba tokin ba suna ba komai amma ya zubo bayanan kwastoma? Ai nan ne babbar matsalar ɗan uwa. Ko da furoksi lafiyarsa ƙalau, duk wani fod, wato rukunin kwantena, da ke cikin kilastar, wato tarin sabobinku, zai iya kiran sabis ɗin kai tsaye ya zagaye shi gaba ɗaya, in kuma manhajar ta dogara da X-Forwarded-User ne, hedar da furoksi ke sa sunan mai shiga a ciki, to kowa ma zai iya rubuta wannan hedar da hannunsa ya ce shi ne oga. Ku sa dashbod ɗin ya tantance tokin da kansa, sa hannu da ranar ƙarewa da wanda aka yi wa shi, sannan NetworkPolicy, dokar wa zai yi magana da wa a kilastar, ta hana kowa magana da shi sai furoksi. Ka duba kuma ko CNI ɗinku, manhajar da ke haɗa netwok ɗin fod, yana aiwatar da ita, Calico da Cilium suna yi, flannel shi kaɗai ba ya yi, za ka rubuta dokar ta karɓu lafiya lau alhali ba abin da take tsarewa.

Kuma kar a ɗauka manhajojin da ake ɗorawa daga waje kaɗai ke da wannan laifin. A Disamba 2018 shi kansa API server na Kubernetes, ƙofar da duk umarni ke bi, aka samu, CVE-2018-1002105, maki 9.8, Darren Shepherd na Rancher ya gano. Mutum zai aika buƙatar mayar da haɗi ya zama bututu mai ɗorewa, ta gaza, amma bututun ya zauna a buɗe zuwa kubelet, wakilin Kubernetes a kan kowace na'ura, ko wata sabar baya da ikon API server ɗin kansa, kuma abin da aka tura ta cikin bututun ba ya fitowa a log ɗin odit. A 2020 kube-proxy ne, mai karkatar da zirga-zirga a kan kowane nod, wato na'ura a kilastar, CVE-2020-8558, ya kunna saitin route_localnet sai maƙwabcin nod ya iya taɓa abin da aka ɗaure a 127.0.0.1, adireshin cikin gida na na'urar kanta, wanda kowa ya saki jiki da shi ba a sa masa fasiwod ba.

dan_terminus:
Daga Jos nake bibiya. Ni a ganina a cire dashbod ɗin daga intanet kawai a sa shi bayan VPN, hanyar sirri ta ma'aikata kaɗai, a huta, me ya kai shafin ma'aikata bainar jama'a tun farko?

hauwa_gwarinpa:
A sa VPN ɗin, na yarda zai rage masu ƙwanƙwasawa sosai. Amma bai isa ba, ka tuna IngressNightmare na Maris 2025, CVE-2025-1974 da kamfanin tsaro Wiz suka fallasa a ingress-nginx, ƙofar da ke shigo da zirga-zirgar waje cikin kilastar, wanda ya samu shiga netwok ɗin fod zai iya aika wa admission controller ɗinsa, mai tantance saiti kafin a karɓa, buƙata ba wata shaida ya gudanar da kod, daga nan ya karanta sirrikan kilastar duka. VPN ba ya ganin wannan. An gyara a 1.12.1 da 1.11.5, kuma a Nuwamba 2025 Kubernetes suka sanar za su yi wa ingress-nginx ritaya a Maris 2026, Sadiq in shi kuke amfani da shi ka fara yi wa oga maganar komawa Gateway API, sabon tsarin da ke maye gurbinsa.

malam_isa_garki:
Abu ɗaya kafin ka taɓa komai, ka kwafe log ɗin ingress da na furoksi ka ajiye gefe kar su goge. Ka nemo duk layin da healthz ya fito bayan alamar tambaya aka amsa da 200, ka ware IP ɗin mai gwajinku. In ka ga na wani daban to magana ta bar hannunka, dokar kare bayanai ta 2023 ta ba da awa 72 a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, daga lokacin da aka san an yi kutsen da zai iya cutar da mutane, sai oga da lauya su shigo ciki.

sadiq_jabi:
Allah ya saka da alheri Malam, Anti Hauwa na gode ƙwarai. Na duba, tamu ta girmi 7.11.0 kuma flannel ne a ƙasa. Na kwafe log, na rufe hanyar daga waje tukuna, afdet da daddare in kwastomomi sun ragu. Anti Hauwa, za a iya ɗora Calico don dokokin kaɗai a bar flannel a wurinsa ko sai an sauya gaba ɗaya?

hauwa_gwarinpa:
Za a iya, haɗin ne ake kira Canal, flannel ya riƙe hanya Calico ya riƙe doka. Ka fara gwadawa a kilastar gwaji, kuma in za ka rufe fita ka bar wa DNS, mai fassara suna zuwa adireshi, ƙofa a fot 53, in ba haka ba komai zai tsaya cak.